Farin Layin Da Ya Fita Daga Allo

Shafi na 19

Da sunan Mai Rahama nake buɗe shafin yau. Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji, na kuma karɓi laifina. Masu zagin Manaja kuma ku ɗan rage, kada ku ƙarar da zagin tun yanzu, za ku buƙace shi.

*

Saura minti arba'in a shiga taron masu kamfani. Auta tana zaune a ofishin sakatariya, ta zuba wa jadawalin muƙaman ma'aikata ido kamar ba ita ta tsara shi ba.

Akwatuna talatin da shida ne a shafi ɗaya. Na Hajiya mai kamfanin robobin yana can sama, na Manaja yana ƙarƙashinsa, sauran suna saukowa reshe-reshe, layuka masu ruwan zinare suna haɗa kowa da na gaba da shi.

Bara akwatunan talatin da bakwai ne.

Kwana tara ke nan da Manaja ya kira ta ofishinsa ya tura ƙofa, ya miƙa mata takarda da rubutun hannunsa. A cire akwatin Shugaban Sito, a mayar da sito ƙarƙashin sashen saye. Ya ce umarnin Hajiya ne, kuma Hajiya ba ta son kowa ya ɗaga mata maganar. Da zarar masu kamfani sun sa hannu a sabon jadawali muƙamin ya mutu, takardar sallama ce za ta biyo baya. In kuwa maganar ta fita kafin ranar, to daga bakin Auta ta fita, ita ma ta haɗa jakarta. Tana gama karantawa ya karɓe takardarsa ya ninke ya cusa a aljihu.

Shugaban Sito kuwa Kawunta ne, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar babanta, shi ya kai ta makarantar koyon kwamfuta, shi ya kawo ta gaban Hajiya ya ce, "Ga 'yata, in ta yi ba daidai ba ni za a kama."

Ranar ta ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa ya fi sau goma, ta kasa dannawa. Sai ta yi abin da masu irin aikinta kan yi da abin da ba su gama yanke shawara a kansa ba. Ta kama akwatin da linzamin kwamfuta ta ja shi waje, can nesa cikin filin toka-tokar da ke gefen shafi, wurin da ba ya fitowa in an haska a bango. Amma layin da ya haɗa shi da akwatin Manaja manne yake, duk inda akwati ya je sai ya bi shi. Ya miƙe zar tun daga tsakiyar shafi har ya fice ta gefen dama. Yanke shi ma ta kasa. A ranta tana cewa in Hajiya ta sauya ra'ayi, ja ɗaya za ta yi Kawu ya koma mazauninsa. Sai ta rina layin fari. Bayan shafin fari ne, layin ya ɓace ɓat.

Ni dai ban ga laifinta ba. Amma dabarar mai jin tsoro ba ta cika yin tsawon rai ba.

Ƙamshin turaren Manaja ne ya riga shi shigowa.

"Kin gama?"

"Na gama, Yallaɓai."

Ya tsaya a bayanta ya ranƙwafo, yana bin akwatunan da ƙarshen biro.

"Waɗannan ukun ba su jeru ba."

"Sun jeru, Yallaɓai. Na daidaita tazararsu."

"Na ce ba su jeru ba."

Ta zaɓe su ta sake jera su, ko gezau ba su yi ba, don dama a jere suke.

"Yauwa, yanzu suka yi. Nawa kuma ƙara masa faɗi."

"In na ƙara zai kai na Hajiya."

Ya kalli akwatin Hajiya.

"To bar shi. Ƙara wa rubutun kauri."

Ta ƙara. Ya rage murya har sai da ta ji numfashinsa a gefen kunnenta.

"Wancan fa?"

"Ba ya cikin shafin."

"Madalla. Shi ma Kawun naki ba zai shiga taron ba, na tura shi ƙofar baya ya jira motar kaya. Kina zuwa shafin ba na son tsayawa. Ina cewa gaba, ki danna. Kin gane?"

"Na gane."

Fitarsa ba ta fi da minti biyar ba ta ji karas-karas ɗin makullai a baranda. Duk kamfanin mutum ɗaya ne ke tafiya da wannan ƙarar.

Kawu ya leƙo da murmushinsa, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli.

"Autar mata. Ko gaisuwa babu yau?"

"Kawu ina kwana. Aiki ne ya sha min kai."

"Na gani. Ni kuma kin ga na ci ado a banza. Shekara ashirin da shida ban taɓa rasa taron nan ba, yau an ce in je in yi gadin mota." Ya yi dariya. "Bana dai kin ƙara min girman rubutu ko? Bara sai da na taso gaba na ƙanƙance ido kafin na gano kaina a jadawalin."

Ta kalli allon, ta kalle shi.

"Kawu..."

"Juyo min da kwamfutar in ga kaina, tunda ba zan gani a bango ba."

Ya tako ya kusa teburin. Ba ta san lokacin da ta rufe murfin kwamfutar ba, har sai da ya yi ƙara.

"Yallaɓai ya hana a nuna wa kowa kafin taro."

Ya tsaya yana kallonta, sai kuma fuskarsa ta washe.

"Ah to! Haka ake so. Sirrin ofis ko uwarka ba ka ba ta. Allah ya yi miki albarka."

Albarkar nan ta fi mari zafi. Bakinta ya buɗe, maganar ta zo har kan harshe. Sai wayar tebur ta yi ƙara, muryar Manaja ce: ta kawo kwamfuta ɗakin taro yanzu-yanzu. Kafin ta ajiye kan wayar, ƙarar makullan ta yi nisa.

*

Ɗakin taron sanyi ƙalau, dogon tebur, kujeru goma sha biyu, majigi a rataye a sama. Shugabannin sassa sun fara zama. Auta ta jona waya ta buɗe shafin farko, mai ɗauke da sunan kamfani kawai.

Manaja ya kalli allon ya yatsina fuska.

"Wannan farin yana kashe ido. Kamar takardar asibiti."

"Haka muke yi kullum, Yallaɓai."

"Shi ya sa kullum muke wuri ɗaya. Matsa."

"Yallaɓai don Allah a bar shi haka, lokaci ya..."

"Ke! Na ce matsa."

Abu ɗaya tak 'yarsa ta koya masa a manhajar nan ranar hutu, kuma yau sai duniya ta san ya iya. Ya ja linzami ya shiga wurin sauya launin bayan shafi, ya zaɓi shuɗi mai duhu, ya danna a shafa wa dukan shafuka.

"Kin gani? Yanzu ya yi kama da na manyan kamfanoni."

Auta ta zuba wa allon ido. Farin layi a kan shuɗi mai duhu. Jadawalin yana shafi na bakwai.

"Yallaɓai ba ni minti ɗaya in duba sauran."

"Duba me?"

"Ko launin ya ɓata wani abu. Minti ɗaya kawai."

Hannunta ya kai kan linzami ke nan ƙofa ta buɗe. Kowa ya miƙe. Hajiya ta shigo tana dogara sandarta, abokan jarinta biyu suna biye da ita. Ta zauna a kujerar shugaba ta ajiye tabarau a gabanta.

"Bismillah. Ba ni da lokaci yau, a fara."

Manaja da kansa ya danna maɓallin haskawa ya koma gaban allo, ya bar Auta da aikin dannawa.

Shafi na ɗaya. Ya yi godiya ga Hajiya har sau uku.

"Gaba."

Shafi na biyu, sababbin injina. Auta tana lissafi a ranta. In ta fita daga haskawa ta koma wurin gyara, majigi yana jone, duk ɗakin zai ga abin da take yi a bango. In ta tsallake shafin, a kansa aka zo sa hannu.

"Gaba."

Na uku. Ta roƙi Allah ya kawo ɗaukewar wuta. Wutar da kullum sai ta ɗauke sau biyu kafin azahar, yau ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na huɗu. Na biyar. Duk sanyin ɗakin, zufa ce ke bin bayanta.

"Gaba."

Na shida.

"Gaba."

Ba ta danna ba.

"Sakatariya. Na ce gaba."

Ta runtse ido ta danna.

Jadawalin ya cika bango, akwatuna masu ruwan zinare a kan shuɗi, gwanin sha'awa. Kuma ga shi nan, fari tas, ya taso daga ƙasan akwatin Manaja ya ratsa tsakanin sassa biyu ya miƙe har ƙarshen allo, ya fita ba tare da ya haɗu da komai ba.

Manaja ya ba allon baya, bai gani ba.

"Wannan shi ne tsarinmu na bana, 'yan gyare-gyare ne marasa yawa. In an amince sai a sa hannu. Gaba."

"Dakata."

Injiniyan kamfanin ne. Mutumin da in ya ga hoto ya karkace a bangon gidan wani sai ya tashi ya gyara.

"Yallaɓai, wannan layin ina ya nufa?"

"Wane layi?"

"Farin nan. Ya fito daga wurinka ya tafi yawo."

Wasu suka yi 'yar dariya. Manaja ya juya. Na rantse muku sai da biron hannunsa ya faɗi.

"Kuskuren na'ura ne. Sakatariya, gaba."

"A'a," in ji Injiniya. "Irin wannan layin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Sai in akwai abin da yake riƙe da shi a can ƙarshen."

Hajiya ta ɗauki tabarau ta saka a hankali. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Yarinya."

"Na'am, Hajiya."

"Bi min layin nan in ga inda ya tsaya."

"Hajiya lokacinki," Manaja ya yi saurin cewa. "Bayan taro zan sa ta..."

"Da kai nake magana?"

Manaja ya ja da baya.

Auta ta fita daga haskawa. Wurin gyaran shafi ya fito a bango, kowa yana gani. Ta rage girman shafin, ta ƙara ragewa. Filin toka-tokar ya bayyana. Farin layin ya ci gaba da tafiya a cikinsa, ya yi nisa, har ya isa ga wani akwati guda da ke zaune shi kaɗai a waje.

Injiniya ne ya karanta a fili.

"Shugaban Sito."

Wani ya ce, "Innalillahi."

Hajiya ta cire tabarau.

"Wa ya fitar min da Mai Sito daga kamfanina?"

Auta ta ɗago da sauri. Tambayar ba ta wasa ba ce. Fuskar Hajiya ba fuskar wadda aka tona wa asiri ba ce, fuskar wadda yanzu take jin labari ce. A nan Auta ta gane cewa kwana tara tana gadin ƙarya.

"Hajiya... ba ke kika ce ba?"

"Ni? Ni na ce me?"

"Yallaɓai ya ce umarninki ne. Ya ce ba kya son a ɗaga miki maganar."

Duk idanu suka koma kan Manaja. Ya sunkuya ya ɗauki bironsa, ya gyara wuyan riga. Kafin ya miƙe ya riga ya murje ido.

"Hajiya wallahi yanzu nake gani, kamar yadda kike gani."

"Yallaɓai!" in ji Auta.

"Ni na ba ta tsohon jadawali na ce ta gyara launi ta daidaita akwatuna. Shi ke nan. Ban san ta taɓa muƙamin kowa ba."

"Ka ba ni takarda! Da rubutun hannunka!"

"Ina takardar?"

Ta kalli aljihunsa.

"Ka karɓe."

Ya buɗe hannuwa yana kallon mutane, irin na ku dai ku gani.

"Kwamfutar tata ce, Hajiya. Lambar sirrin ita kaɗai ta sani. Ni ko jan akwatin nan ban iya ba, kowa ya sani. Kuma wanda aka ba umarni gogewa yake yi. Wanda ya ɓoye abu ya rina shi fari don kada a gani, shi ya san abin da yake nufi."

Kun ji mugu. Tausayin da ya hana ta gogewa shi ya ɗauko ya mayar hujja a kanta.

"Me zan samu in an kori Kawuna?" Muryarta ta karye. "Me zan samu?"

"Wannan tsakaninku ne, rigimar gida ba a rasa ta. Ni ban shiga ba."

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Injiniya, kira min Mai Sito. Kuma kada wanda ya taɓa na'urar nan."

Minti huɗu aka yi ana jira. Auta tana tsaye, akwatin Kawu yana bango a bayanta. Sai ga ƙarar makullai daga nesa tana matsowa.

Ya shigo da sallama, gugar rigarsa ta jiƙe da zufar tsayuwar rana.

"Hajiya barka da zuwa. Motar dai har yanzu shiru, na kira direban ya ce shi ba a ma ce masa yau..."

Ya lura ba wanda ke kallonsa. Ya bi idanunsu zuwa bango. Ya matsa gaba, ya ƙara matsawa, ya ƙanƙance ido. Ya duba wurin da ya saba ganin kansa, babu. Ya bi farin layin da yatsa a iska har ya fita waje.

Ya daɗe a tsaye.

"Ni ne wancan?"

Hajiya ta gyaɗa kai.

"Da na sa hannu yau," in ji Hajiya, "da muƙaminka ya tafi ban sani ba. Manaja ya ce bai san zancen ba. 'Yarka ta ce shi ya sa ta."

Kawu bai ko kalli Manaja ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Auta.

"Hannunki ne ya ja ni can?"

"Kawu wallahi cewa aka yi Hajiya ce..."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Hannunki ne?"

"Hannuna ne."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Yau da safe?"

Ta kau da kai. Hawaye ya zubo.

"Auta. Yaushe?"

"Kwana tara ke nan."

"Tara."

Ya maimaita kamar yana auna nauyin kalmar.

"Kwana tara muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Ranar Lahadi kika zo gida kika yi wa yara kitso. Ina ba ki labarin gyaran da zan yi wa sito baɗi, kina cewa Allah ya kai mu."

"Ya ce zai kore ni, Kawu. Na ji tsoro. Amma ban goge ka ba, ka duba, ban yanke layin ba, na kasa..."

"Kin kyauta."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi.

Hajiya ta jingina da kujera, ta kalli Manaja, ta kalli Auta.

"Ɗaya daga cikinku ƙarya yake min, kuma wanda yake ƙaryar ba zai kai la'asar a kamfanin nan ba. Takarda babu, shaida babu. Shi shekararsa huɗu da ni. Ita kuwa ban ɗauke ta don takardunta ba, don bakinka na ɗauke ta, Mai Sito. Don haka bakinka zan bi yau ma."

Ta nuna Auta da kan sanda.

"Kai ka raine ta. Faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah. Yarinyar nan za ta iya yi maka haka da kanta?"

Manaja ya daina motsi. Auta ta haɗa hannuwa a ƙirji tana kallon Kawunta. Kalma ɗaya take jira, a'a kawai, kalmar da ya saba faɗa a kanta tun tana rarrafe ba tare da ya tsaya tunani ba.

Kawu ya kalli akwatinsa a bango. Ya sauke ido ya kalle ta.

"Hajiya, da jiya kika tambaye ni, da na dafa littafi na rantse."

Ya share zufar goshinsa da bayan hannu.

"Yau kam ban sani ba."